Gidan da Cutar Ta Tsallake

Nilgande, 5 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga Yaya Siune, a Lae,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da 'yarka Wemin da duk mutanen garinmu da ke unguwarku. Nan da sauƙi. Matarka Ambai tana gaishe ka, ta ce takalman da ka aiko sun yi mata kaɗan, ko ka manta ƙafarta ne? Inna Orfa, wadda ta raine mu, ita ma tana gaisuwa. Ta ce tun da ta yaye ka daga bayanta ba ka taɓa aiko mata ko da allura ba.

Yau kwana ɗari da goma sha huɗu ba ruwan sama. Na san za ka yi dariya, amma na duba littafina: rabon da gwangwanin da nake ajiyewa a bayan ɗaki ya jiƙe tun 13 ga Yuni. Dankali ya ƙone a ƙasa, wanda aka tono kuwa duk tsutsa. Dajin kan dutse yana cin wuta mako huɗu ke nan. Manyan jemagun nan da ba ma gani sai mun hau farauta sun sauko, sun cika itatuwan gwaiba na bakin rafi. Da safe ƙasa duk guntayen da suka gatsa suka yar. Mata suna murna, don ba dankalin da za a ba aladu, sai su tsince guntayen cikin jakar saƙa su kai musu.

Ba don wannan na rubuto ba. An yi mutuwa uku cikin kwana goma sha biyu, duka mata, duka a gidajen gangare. Iri ɗaya ne: zazzaɓi, ciwon kai, sai barci mai nauyi, sai jiki ya riƙa fizga, kwana na biyar ko na shida a rasu. Malamin ɗakin shan magani ya ba su ƙwayar zazzaɓin sauro, ba ta yi kome ba. Ya ce bai taɓa ganin irinta ba, ya rubuta wa manyansa, har yanzu shiru.

An yi makoki yadda aka saba. Mutanen ƙauyuka uku sun zo da taɓo a fuska, an yanka aladu, an gasa a rami, kowa ya koma da rabonsa.

Akwai wani abu kuma. Aladu suna wani irin tari mai kama da haushin kare, wasu sun mutu, an kuwa cinye su, don yunwa ake yi. Ban san ko wannan ya shafi wancan ba. Wataƙila dai halina ne na haɗa abubuwan da ba su haɗu ba, kamar yadda kake faɗa.

Ƙanenka,
Teine


Lae, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Akawun Gajimare,

Ni ne Siune nake magana, Bauro yana rubutawa, in ka ga kuskure nasa ne. Muna lafiya. Wemin tana makaranta, ta yi tsawo ta wuce ni, ta ce in gaishe da uwarta sau goma. Aikin gadi yana nan, ɓarayi suna nan, duk muna cin abinci.

Takardarka ta iso ranar Lahadi, aka taru a gindin mangwaro kamar kullum, Bauro ya hau kan durom ya karanta. Da ya zo wajen gwangwaninka, har wata tsohuwa ta ƙware don dariya. Ubanmu ya sayar da aladu huɗu ya kai ka sakandare, ga abin da muka samu: mutum mai ƙirga ranakun da ruwa bai zo ba. Ka ƙirga su ka ga in zai zo.

Amma da aka zo wajen mutuwar, ba wanda ya yi dariya. Teine, ruwa ba ya tsami banza. Mata uku masu ƙarfi, masu ɗaukar itacen da ni ban iya ɗagawa, su kwanta su mutu, kai kuma kana mini zancen tarin alade? Alade ya fara tari tun kafin a haifi kakanmu. Wani ne a cikinku yake cin mutane. Ka buɗe ido.

Ga abin da jama'a suka ce in gaya maka. Tunda ba abin da ka iya sai rubutu, to ka rubuta mai amfani. Ka bi gida gida, ka rubuto mana inda aka mutu, inda ake kwance, da inda ba a kwance. Kowa a nan yana da uwa ko mata a can.

Ka ce wa Ambai ƙafarta ce ta ƙaru, ba takalmin ya ragu ba. Ta ajiye wa Wemin 'yar aladen nan mai farin goshi da take tauna wa abinci, kada yunwa ta sa a yanka ta. Ka ce wa Inna Orfa allura tana hanya.

Yayanka,
Siune


Nilgande, 2 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ka. Ni lafiyata ƙalau, ban san dalili ba. Ka zauna kafin Bauro ya ci gaba.

Ambai ta rasu jiya Asabar, rana tana tsaka. Ta kwanta ranar Litinin da ciwon kai. Ban aiko maka ba, don na ɗauka gajiya ce, ta yi aikin makoki biyu a jere. Wannan laifina ne. Ranar Laraba ta daina gane mutane. Ranar Juma'a jikinta ya riƙa fizga har sai da mutum uku suka danne ta, ta ciji harshenta. Ba ta bar wasiyya ba. Abu na ƙarshe da na ji a bakinta mai ma'ana shi ne, a ba aladu ruwa.

Inna Orfa ce ta zauna da ita kwana ukun ƙarshe. Ita ta riƙa ɗura mata romon ganye da cokali, ita ta rufe mata ido. Sauran mata tsoro ya hana su shiga.

Ba za mu iya ajiye gawa da wannan zafi ba, gobe za mu binne ta kusa da uwarmu. Yankan aladu da rabon nama suna jiranka.

Ga abin da kuka ce in rubuto. Na bi gidaje talatin da ɗaya, na koma na sake bi don kada in yi kuskure.

Gidajen gangare tara: an mutu a shida, ana kwance a uku.
Gidajen tsakiya, har da namu: an mutu a huɗu, ana kwance a biyar, sauran ma an yi zazzaɓi an tashi.
Gidajen tudu: mutuwa ɗaya, amma kowane gida akwai wanda ya taɓa kwanciya.
Mamata goma sha ɗaya ke nan da Ambai.

A duk garin, gida ɗaya ne cutar ta tsallake, ko ciwon kai ba a yi ba: gidan Inna Orfa. Ita da jikokinta mata biyu ƙalau suke, ga shi kuwa gidan yana tsakiyar waɗanda aka mutu, kuma ita ce ta fi kowa shiga wurin marasa lafiya. Na daɗe ina kallon wannan layin a littafi. Akwai abin da yake nufi, amma kaina bai kawo ba tukuna.

Ka gaya wa Wemin a hankali. Direban jar bas zai kawo maka wannan.

Teine


Nilgande, 5 ga Nuwamba

Yaya Siune,

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah ya sa wannan ta same ka kafin ka taso. In Bauro bai karanta waccan wasiƙar a gindin mangwaro ba, kada ya karanta. In ya riga ya karanta, ya hau durom yanzu ya karanta wannan.

Jiya da safe na tafi gidan Inna Orfa da littafina. Na tarar tana gasa ayaba. Na ce, “Inna, me kike sha da mu ba ma sha?”

Ta ce, “Ruwan rafi, irin wanda ya wanke maka gindi kana jariri. Zauna, ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji.”

Na zauna, na riƙa duba ɗakin, ina jin akwai abin da ya bambanta, na kasa gane shi. Can sai na gane: wari ne babu. Ɗakinta ba ya warin alade. Na tambaye ta. Ta yi dariya har da tafa cinya.

“Wannan ne karatun sakandaren? Shekara ashirin da biyu ina cocin masu Asabar, yau ka gano ba na kiwon alade? Ba na ci, ba na taɓawa, in an fara yanka a makoki in ɗauki jakata in tafi, ku bi ni da habaici wai na raina mamaci.”

Yaya, na dawo gida da gudu. Na ja sabon layi a littafi, na bi mamatan ɗaya bayan ɗaya. Takwas mata ne, dukansu suna kwana ɗaki ɗaya da aladunsu kamar yadda uwarmu ta yi, suna share musu majina da hannu, suna tauna wa ƙanana abinci su ba su baki da baki. Ukun maza ne, kuma su ne mahautan makokin farko, su suka zura hannu cikin ciki suka fito da hanji. Ni ba ni da mata, ba ni da alade, ka san kuma yadda nake gudun jini har kuke mini dariya.

Sai na tuna guntayen gwaibar jemagu. Na duba: jemagu sun sauko 9 ga Satumba, tarin aladu ya fara 17, mace ta farko ta kwanta 21. Yau kuma na ji an fara kwanciya a ƙauyen da ke hayin rafi, a gidajen da suka karɓi alade mai rai a makoki na biyu.

Ga yadda nake gani, ko da yake ni ba likita ba ne. Wuta ta koro jemagu da cutarsu, aladu suka ci ragowarsu, mata suka ɗauka daga aladu. Duk wadda ta mutu sai mu yanka aladunta mu raba wa ƙauyuka uku, makoki ya haifi makoki. Da hannunmu muke raba ta, a naɗe cikin ganyen ayaba.

Na gaya wa Baffa Onguglo, dattijon gari. Ya ce, “Kana nufin mu binne mace ba alade, kamar kare?” Na rufe littafina na tafi. Wataƙila ban iya bayani ba ne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne layin da na rubuta maka game da gidan Inna. Na sake karanta kwafinsa, na ji yadda zai fito daga bakin Bauro. Mace ce ba miji, ba ɗa namiji, daga wata ƙabila aka auro ta. Ba haka nake nufi ba. Wallahi ba haka nake nufi ba.

Teine


Lae, 5 ga Nuwamba

Teine,

Ba gaisuwa. An karanta. Sau biyu na sa aka karanta wurin.

Kai ka ce kanka bai kawo ba. Namu ya kawo. Ita ta ba ta romo, ita ta rufe mata ido, gidanta kaɗai aka tsallake. Ko yaro ya san mayya ba ta cin na ɗakinta sai ta gama da na waje. Ka yi aikinka, Akawu, karo na farko karatunka ya yi rana.

Mu goma sha huɗu ne, mun yi hayar mota, jibi muna nan da mai duba. Kada ka ce mata kome. In ta bar gari kafin mu iso, kai zan tambaya.

Siune


Asibiti, Kundiawa, 16 ga Nuwamba

Siune,

Ina fata kun isa lafiya. Hannuna na dama yana cikin filasta, da hagu nake rubutu, Bauro ya yi haƙuri.

Wasiƙarka ta ranar 5 ta shigo hannuna sa'a biyu kafin motarku. Tawa ta ranar 5 kuwa kun yi saɓani da ita a hanya. A cikin sa'a biyun nan na je na ce wa Inna ta gudu. Ta ce gobe Asabar, ba ta tafiya, kuma wanda ta goya ba zai taɓa ta ba. Na yarda da ita, don ni ma haka na so ya zama. Da ma na ɗauke ta da ƙarfi.

Na san nan gaba za ka ce baƙin ciki ne da giya, ba ka tuna kome. Saboda haka zan rubuta maka, ranar Asabar, 8 ga wata, bi da bi.

Da hantsi mai duban da kuka kawo ya ɗauki doguwar sandarsa ta gora, samari biyu suka riƙe ta, tana ta ja da su wai da kanta. Tun a mota kun gaya masa gidan, na kuma ga Bauro yana nuna masa da leɓe. Gorar ta tsaya a ƙofar Inna. Tana ciki da farin zanenta tana waƙar coci da jikokinta.

Kai ka shiga. Da gashi ka jawo ta. Ta ce, “Siune, sannu da hanya, ka ci abinci?” Ka mare ta da gefen adda.

A filin makokin Ambai kuka ɗaure ta jikin turken da ake ɗaure aladen yanka. Wutar da ake zafafa duwatsun gashin nama tana ci, ba ku sha wahalar hura wata ba. Kuka yage mata zane a gaban yaran da ta karɓi haihuwarsu. Aka sa rodin gini a wuta har ya yi ja. Baffa Onguglo yana tambaya, “Ina zuciyar Ambai? A ina kika ɓoye ta? Su wa kuke ci tare?” Duk tambaya ɗaya, ƙarfe ɗaya: a baya, a cinya, a tafin ƙafa. Warin ya gauraye da na naman da ke rami, mutane kuwa suna tsaye da ganyen ayabarsu suna jiran rabo.

Na shigo fili da littafi. Na fara karanta kwanakin: jemagu, tari, mace ta farko. Na yi tuntuɓe a lissafi, na ce sha bakwai a inda ya kamata in ce tara, na tsaya zan gyara. Wani ya ce, “Akawu ya zo karanta mana ruwan sama!” Aka yi dariya. Dariya, Siune, ita tana rataye a turke.

Ka ce mini, “Kai ka rubuta sunanta. Yanzu ta ba ka romo kai ma?”

Na ce, “Aladu ne, Yaya. Kada a raba naman nan.”

Ka ce, “Aladen matata kake zagi a kan kabarinta?” Ka ɗauki itacen wuta. Na tare da hannu, shi ya sa nake rubutu da hagu. Littafin ya faɗi, na kwanta a kansa, aka tattaka ni, ban ga ko su wa ba ne.

Da na ɗago, tana ɗaga maka hannunta na hagu yadda igiya ta bari. Ka san hannun. Yatsa biyu guntaye, waɗanda ta datse da gatari don makoki, bisa al'ada, ranar da uwarmu ta mutu, kafin ta shiga coci, sa'ad da ta ɗauke mu ni da kai zuwa ɗakinta. Nuna maka kawai ta yi. Ka kama hannun ka ɗora a kan turke, ka sare sauran ukun.

Daga nan ta ce e. Ta ce ita ce, ta ce ta cinye, ta ce duk abin da Baffa ya sa mata a baki. Kuka yi kururuwa kamar an ci yaƙi. Kuka kwance ta kuka jefa a kwazazzabon bayan gonar kofi, kuka koma rabon nama.

Da yamma ni da wasu mata biyu na cocinsu muka sauka muka same ta da rai. A kan ƙyauren ɗakinta muka ɗauko ta, don shi kaɗai wutar da kuka sa wa gidan ta bari. Tafiyar sa'a huɗu zuwa babban titin da bas ke bi. Jikokinta suna wurin fastonsu.

Tana nan a gadon da ke kusa da taga. Wani lokaci tana gane ni. Likita ba ya duban idona in na tambaye shi. Na nuna masa littafin, ya riƙe shi kwana biyu, ya ce zai aika a duba aladun.

Ba na jin zan sake rubuto maka. Magana zarar bunu ce, na gani da idona.

Teine


Lae, 1 ga Disamba

Ƙanena Teine,

Ina gaishe ka. Yaya hannu? Na ji abin da ka rubuto, ba ni da amsarsa yanzu. Waccan takardar da ta jira ni a nan ban sa an karanta ba, tana ƙarƙashin katifa, na gaji da takardu.

Wemin ba lafiya. Ta kwanta Litinin da ta wuce, 24 ga Nuwamba, da ciwon kai. Tun jiya ba ta amsa sunanta sosai, hannunta yana fizga. Matar maƙwabcinmu ma ta kwanta.

Teine, ka ce tana da rai, ka ce tana gane ka. Ka je wurinta. Ka durƙusa a madadina. Ka ce Siune ya yi laifi, ya ji. Ta ɗauki zuciyata, ta ɗauki hannuna duka biyu, amma ta sakar mini zuciyar yarinyar nan. Yarinya ba ta taɓa ta ba, tana cikin mota tana kuka ranar. Zan gina mata gida da kwano, zan tsaya a gaban gari in faɗi abin da take so. Ta goye ni, ba za ta ƙi ni ba in kai ka roƙa. Ka yi sauri.

Yayanka,
Siune

Ni Bauro nake ƙara wannan, bai sani ba. Ranar da za mu taso daga gida, Wemin ta ɗauko 'yar aladen uwarta mai farin goshi cikin jaka, ta ce gadonta ce. A ɗakinta take kwana, ita da matar maƙwabci suke ba ta abinci. Tana tari. Na tuna abin da kake karantawa a fili kafin a yi dariya, ni ma na yi dariyar. Kuma samari sun fara cewa in ba tsohuwar ba ce daga nesa, to akwai abokiyarta a nan. Suna kallon Dorkas, gwauruwar da ke sayar da gyaɗa a bakin famfo, don 'ya'yanta lafiya lau. Jiya an jefi rufinta.


Kundiawa, 4 ga Disamba

Yaya,

Na sami wasiƙarka yau da safe, direba yana jirana, zan taƙaita. Hannu da sauƙi. Allah ya tashi kafaɗar Wemin.

Ba zan iya kai roƙonka ba. Inna Orfa ta rasu ranar Laraba, 19 ga Nuwamba, ƙunar ce ta ruɓe. Ni da mutanen cocinta muka binne ta a nan, don Baffa Onguglo ya ce ƙasarmu ba za ta karɓe ta ba. Ba a yanka kome ba.

Wemin ta kwanta ranar 24. Kwana biyar ke nan Inna tana cikin ƙasa, ƙarƙashin duwatsun da na jera da hannu ɗaya. A Nilgande an ƙara mutuwa shida tun da kuka tafi, huɗu a cikinsu sun riƙe wuƙa ranar rabon naman Ambai. Jikokin Inna har yau ko mura ba su yi ba. Na duba littafi sau ɗaya, ban sake dubawa ba. Wannan karon ba na shakka.

Ga abin da za ka yi, yau ba gobe ba. Ka kai Wemin babban asibiti, ita da matar maƙwabci, ka ce wa likita daga Nilgande cutar ta zo, ka ba shi wasiƙar da ke ƙarƙashin katifarka. Wasu sun tashi daga wannan ciwo, na rubuta fiye da mutum goma. Mai jinyarta ya ɗaure hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu.

'Yar aladen kuma ka kashe ta daga nesa, kada jininta ya taɓa kowa. Ka haƙa rami mai zurfi, ka zuba kananzir, ka ƙone ta ƙurmus. Kada a ci, kada a raba, ko dattijon unguwa ya ce an raina Ambai. Na san ita ce abu na ƙarshe da matarka ta tauna wa abinci. Ka iya sara, na gani. Ka yi wannan.

Kwana biyu kafin ta rasu, Inna ta farka ta gan ni ina rubutu. Ta ce, “Har yanzu ruwan saman kake ƙirgawa?” Na ce a'a, abin da aka yi mata nake rubutawa. Ta ce, “To ka yi manyan baƙi. Yayanka tun yana yaro sai an yi masa ihu yake ji.” Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ba zan ƙara mata abin da ba ta faɗa ba.

Bauro, da kai nake yanzu. Kada ka jira Lahadi. Ka mirgina durom ɗin nan daga gindin mangwaro zuwa bakin famfo, ka ajiye shi a ƙofar Dorkas, ka hau. Ka karanta wannan da irin muryar da ka karanta waccan. Sau biyu, yadda Siune ya sa ka yi. Shi kuma ya tsaya kusa da kai da addarsa, bayansa yana jingine da ƙofarta.

An yi ruwa jiya. Ban auna ba.

Teine